BABI NA TARA: FARANTAN HASKEN RANA A BISA RUWA

9.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin ayyukan malamin Hausa shi ne ya iya ɗauko batu na kimiyya da fasaha, ya warware shi cikin Hausa mai daɗin fahimta. A wannan babi an zaɓi batun samar da wutar lantarki ta hanyar shimfiɗa farantan hasken rana a bisa ruwan madatsu da tafkuna. Za a bayyana ma'anar wannan fasaha da tarihinta da yadda ake gina ta, sannan a auna amfaninta da matsalolinta. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, fasahar tana warware matsalar ƙarancin fili, amma ruwan da ake ɗora ta a kai yana da masu shi da halittun da ke rayuwa a ciki, don haka nasararta tana rataye ne a kan sanin iyaka.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ma'anar makamashi mai sabuntuwa da yadda farantin hasken rana yake aiki;
ii. kawo taƙaitaccen tarihin ɗora farantai a bisa ruwa;
iii. zayyana sassan tasha mai shawagi da aikin kowane sashe;
iv. tattauna amfani da matsalolin wannan fasaha tare da misalai;
v. amfani da keɓaɓɓun kalmomin darasin a cikin rubutunsa.

9.2 Makamashi Mai Sabuntuwa da Farantin Hasken Rana

Idan aka ce makamashi, ana nufin duk wani ƙarfi da ɗan Adam yake sarrafawa domin ya sami haske ko zafi ko motsi. Makamashi iri biyu ne. Akwai mai ƙarewa, kamar man fetur da iskar gas da kwal, waɗanda idan aka haƙo aka ƙona sun tafi ke nan. Akwai kuma mai sabuntuwa, kamar hasken rana da kaɗawar iska da gudun ruwa, waɗanda amfani da su yau ba ya rage na gobe.

Farantin hasken rana, wanda jama'a suka fi sani da farantin sola, allo ne da aka jera ƙananan ƙwayoyi a cikinsa, galibi na sinadarin silikon da ake tacewa daga ma'adinin yashi. Idan haske ya sauka a kan ƙwayoyin, sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarkin da ke ciki su kama gudu ta hanya ɗaya, wannan gudu kuwa shi ne wutar lantarki. Wani Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ne ya fara lura da cewa haske yana iya haifar da lantarki a shekarar 1839, sannan a shekarar 1954 masu bincike a ɗakunan gwaji na Bell a Amurka suka ƙera ƙwayar silikon ta farko mai amfani.

Ya kamata ɗalibi ya riƙe abubuwa biyu game da farantin nan, domin su ne tushen abin da zai biyo baya. Na farko, haske farantin yake bukata, zafi kuwa cutar da shi yake yi. Ana auna ƙarfinsa ne a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, kuma duk digiri ɗaya da zafinsa ya ƙaru a kan haka, yakan yi asarar kimanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 na ƙarfinsa. Misali, farantin da yake asarar kashi 0.4, idan ya yi zafi har digiri 60, ya rasa kashi 14 cikin 100 ke nan. Na biyu, farantai suna cin fili. Tashar da za ta ba da megawat ɗaya takan bukaci hekta ɗaya zuwa biyu a doron ƙasa, wato babbar tasha tana iya lashe gonakin ƙauye guda.

9.3 Taƙaitaccen Tarihi

Ƙarancin fili ne ya fara tura masana zuwa kan ruwa. An yi gwajin farko da aka sani a lardin Aichi na ƙasar Japan a shekarar 2007, da 'yar ƙaramar tasha mai kilowat 20. A shekarar 2008 wata gonar inabi mai suna Far Niente a jihar Kaliforniya ta Amurka ta ɗora farantai a kan tafkinta na ban ruwa, saboda masu gonar ba su so su sare itatuwan inabinsu domin samar wa farantai wuri. Daga nan fasahar ta bazu a Japan, ƙasa mai yawan duwatsu da ƙarancin filin noma, amma mai dubban tafkunan ban ruwa.

Bayan shekaru kaɗan sai tashoshin suka fara girma. A shekarar 2016 aka buɗe tasha mai megawat 6.3 a tafkin ruwan sha na Sarauniya Elizabeth ta Biyu kusa da birnin Landan. A shekarar 2017 ƙasar Sin ta buɗe tasha mai megawat 40 a Huainan ta lardin Anhui, a bisa wani tafki da ya samu sakamakon ruftawar ƙasa a inda aka daɗe ana haƙar kwal. Wurin da makamashi mai ƙarewa ya lalata, shi ne ya zama mazaunin makamashi mai sabuntuwa. A shekarar 2018 Bankin Duniya tare da wata cibiyar binciken hasken rana ta Singafo suka fitar da rahoton da ya nuna cewa tashoshi masu shawagi a duniya sun haura megawat 1,000. Rahoton ya ƙiyasta cewa da za a rufe kashi 1 cikin 100 kacal na saman madatsun ruwan da ɗan Adam ya gina, za a iya samun kimanin megawat 400,000.

Daga baya an ci gaba da gina manyan tashoshi, musamman a nahiyar Asiya. Akwai ta Ramagundam a Indiya mai megawat 100 da aka kammala a shekarar 2022, da ta madatsar Cirata a tsibirin Jaba na Indonesiya mai megawat 145, wadda Shugaba Joko Widodo ya buɗe a watan Nuwamba na shekarar 2023.

9.4 Yadda Ake Gina Tasha Mai Shawagi

Duk wanda ya taɓa ganin masunci ya kifa cikinsa a kan gora yana yawo a kogi, ya riga ya fahimci asalin dabarar. Iskar da ke cikin gora ita ce take hana shi nutsewa, har ya ɗauki nauyin mutum. Tasha mai shawagi tana da manyan sassa guda huɗu.

Na farko, gorunan roba. Waɗannan akwatuna ne rufaffu da ake yi da roba mai kauri, wadda rana ba ta saurin cinyewa kuma ba ta gurɓata ruwa. Ana harhaɗa su da ƙusoshin roba a bakin gaɓa, ana tura su cikin ruwa layi-layi, har su zama wani faffaɗan dandamali mai kama da tsibiri. A tsakanin layukan akan bar 'yan hanyoyi da ma'aikata za su riƙa takawa.

Na biyu, farantan su kansu. Akan ɗora su a ɗan karkace kaɗan, ba kamar na doron ƙasa ba, domin kada iska ta sami inda za ta kama ta ɗaga su.

Na uku, anga da igiyoyi. Ana ɗaure dandamalin da igiyoyi masu ƙarfi zuwa ga tubalan kankare da aka nutsar a ƙarƙashin ruwa, ko turakun da aka kafa a gaɓa. Wannan shi ne sashe mafi wuyar lissafi, domin ruwan madatsa yakan cika da damina ya janye da rani. Idan igiya ta yi gajarta, cikar ruwa za ta tsinka ta. Idan kuma ta yi tsawo da yawa, dandamalin zai riƙa yawo yana bugun gaɓa.

Na huɗu, wayoyi da na'urori. Wutar da farantai suke bayarwa mai gudu ta hanya ɗaya ce, irin ta batir. Sai an bi da ita ta cikin inbata, wadda take juya ta zuwa irin wutar da ake amfani da ita a gidaje, sannan taransifoma ta ɗaga ƙarfinta a tura ta cikin manyan layukan wuta. Wayoyin da ke kai wutar gaɓa ana lulluɓe su yadda ruwa ba zai shiga ba.

9.5 Amfanin Fasahar

Amfani na farko shi ne tsimin ƙasa. Misali mafi bayyana shi ne na Singafo, ƙasar da faɗinta bai kai murabba'in kilomita 800 ba. A watan Yuli na shekarar 2021 aka buɗe tasha a tafkin Tengeh mai farantai 122,000 a kan hekta 45, mai ƙarfin megawat 60. Wutar da take bayarwa ta isa ta tafiyar da tashoshin tace ruwan sha guda biyar na ƙasar. Da a doron ƙasa za a nemi wannan fili, da sai an rushe gidaje ko an sare ɗan dajin da ya rage.

Amfani na biyu shi ne sanyi. Kamar yadda aka ambata a baya, zafi yana rage ƙarfin faranti. Iskar da ke kaɗawa a bisa ruwa ta fi ta tudu sanyi, saboda haka farantin da ke shawagi yakan ɗan fi takwaransa na tudu ba da wuta. Yawan ƙarin ya danganta da yanayin wurin da kuma yadda iska take ratsawa a ƙarƙashin farantan.

Amfani na uku shi ne rage ƙafewar ruwa. A ƙasashe masu zafi, rana da iska suna kwashe ruwa mai yawa daga saman madatsu a kowace shekara. Farantai suna yi wa ruwan inuwa, suna kuma tare iska, don haka sashen da suka rufe ba ya saurin ƙafewa. Haka kuma inuwar tana rage yaɗuwar gansakuka, wadda take wahalar da masu tace ruwan sha.

Amfani na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci ga masu tsara harkar wuta, shi ne haɗin gwiwa da tashar lantarki ta ruwa. Babban aibin hasken rana shi ne ba ya samuwa da dare, kuma batiran ajiye wuta suna da tsada. Aibin tashar ruwa kuwa shi ne ƙarfinta yana raguwa idan ruwa ya janye da rani. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, sai kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Da rana farantai su ba da wuta, a rage sakin ruwa. Da dare kuma a saki ruwan da aka adana ya juya injina. Ta haka madatsar ta zama tamkar rumbun ajiye wuta. Bugu da ƙari, layukan wuta da taransifoma da hanyar mota duk suna nan tun da can, ba sai an gina sababbi ba.

Wannan tsari ne aka bi a madatsar Sirindhorn da ke lardin Ubon Ratchathani a ƙasar Tailan. Madatsar tana da injinan ruwa masu megawat 36, sai hukumar lantarki ta ƙasar ta ƙara mata farantai sama da 144,000 masu megawat 45, waɗanda suka fara aiki a ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2021. Abin lura a nan shi ne, farantan sun fi injinan ruwan ƙarfi, alhali wurin da suka rufe bai kai kashi 1 cikin 100 na saman tafkin ba. Sauran ruwan yana nan ga masunta da manoma.

9.6 Matsaloli

Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Matsala ta farko ita ce iska da igiyar ruwa. A watan Maris na shekarar 2018 aka buɗe tasha mai megawat 13.7 a madatsar Yamakura da ke lardin Chiba, wadda ita ce mafi girma a Japan a lokacin. A watan Satumba na shekarar 2019 guguwar Faxai ta afka wa yankin, anga ta saki, dandamalin ya yage, farantai suka hau kan juna har gobara ta tashi a tsakiyar ruwa. Da aka zo sake gina ta, sai aka rarraba ta zuwa ƙananan tsibirai maimakon guda ɗaya babba, aka kuma ƙarfafa ɗaurin. Darasin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne, da guguwa mafi muni ake yin lissafi, ko da sau ɗaya take zuwa cikin shekaru masu yawa.

Matsala ta biyu ita ce tsada da wahalar kulawa. Goruna da anga da wayoyi masu jure ruwa suna sa kuɗin gini ya zarce na tudu. Danshi yana sa ƙarfe tsatsa, motsin ruwa na yau da kullum yana gajiyar da mahaɗai da wayoyi, tsuntsaye kuma suna sauka su ɓata farantai da kashinsu. Sau da yawa idan za a yi gyara sai an shiga kwale-kwale, kuma haɗuwar ruwa da lantarki tana bukatar ma'aikata masu horo sosai.

Matsala ta uku ta shafi rayuwar cikin ruwa. Ƙananan tsirran ruwa suna bukatar haske domin su rayu su fitar da iskar oksijin, su ne kuma abincin ƙananan halittun da kifi yake ci. Haka nan kaɗawar iska a saman ruwa tana taimakawa wajen shigar da oksijin cikinsa. Idan aka rufe kaso mai yawa na tafki, haske da iska za su ragu, kifi ya shiga wahala. Inuwar da take hana ruwa ƙafewa, ita ce kuma take iya shaƙe shi idan ta yi yawa. Wannan ne ya sa a manyan madatsu akan rufe ɗan ƙaramin sashe kawai, ana kuma auna lafiyar ruwan a kai a kai.

Matsala ta huɗu ita ce haƙƙin jama'a. A taswirar injiniya tafki fili ne da ba kowa, amma ga mutanen gaɓa wurin su ne, mashayar dabbobi ce, hanyar kwale-kwale ce zuwa kasuwa. Madatsu da dama ma sai da aka tashi garuruwa kafin a gina su. Idan aka sake killace wa waɗannan mutane ruwan ba tare da shawara da su ba, ko wutar ta wuce ta bisa kansu zuwa birni su suna cikin duhu, to an maimaita musu tsohon rauni.

9.7 Fasahar a Afirka ta Yamma

Fasahar ta riga ta iso wannan yanki. A ƙasar Ghana, madatsar Bui da ke kan kogin Baƙar Volta, wadda aka kammala a shekarar 2013 da ƙarfin kimanin megawat 400, ta sami tasha mai shawagi ta megawat 5 a shekarar 2023. Tashar ƙarama ce idan aka kwatanta da na Asiya, amma ta nuna cewa tsarin haɗa rana da ruwa yana yiwuwa a yanayi irin namu.

Arewacin Nijeriya yana da abubuwa biyun da fasahar take nema, wato rana mai ƙarfi da manyan madatsu. Akwai na lantarki kamar Kainji (1968) da Jebba (1985) da Shiroro (1990), waɗanda suke da layukan wuta a shirye. Akwai kuma na ban ruwa da ruwan sha kamar Tiga da Challawa a jihar Kano, da Bakolori a Zamfara, da Goronyo a Sakkwato, inda ƙafewar ruwa da bazara take rage abin da ke isa ga manoman rani. Sai dai duk mai tunanin irin wannan aiki a nan dole ya yi lissafi da ƙurar hunturu da take rufe farantai, da guguwar farkon damina, da janyewar ruwa mai yawa da rani, sannan ya zauna da sarakunan ruwa da masunta da makiyaya tun kafin a jefa gora ko ɗaya.

9.8 Keɓaɓɓun Kalmomi

Ɗalibi zai lura cewa an bi hanyoyi uku wajen samar da kalmomin wannan darasi. Akwai aro, inda aka ɗauko kalma aka daidaita ta da furucin Hausa, kamar inbata da taransifoma da megawat da silikon. Akwai faɗaɗa ma'ana, inda aka ba tsohuwar kalma sabon aiki, kamar faranti da gora da makamashi, wanda a da itacen hura wuta kawai yake nufi. Akwai kuma siffantawa, inda aka harhaɗa kalmomi domin su bayyana abu, kamar tasha mai shawagi da makamashi mai sabuntuwa. Malami nagari yakan fara neman kalma a cikin gida, idan bai samu ba sannan ya yi aro.

9.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa zafi da ƙarancin fili su ne manyan matsalolin farantan hasken rana a doron ƙasa, kuma ɗora su a bisa ruwa yana rage duka biyun, yana rage ƙafewar ruwa, yana kuma ba da damar haɗa su da tashoshin lantarki na ruwa. An kuma ga cewa guguwa da tsada da lafiyar ruwa da haƙƙin mutanen gaɓa su ne suke shata wa fasahar iyaka. Misalin Sirindhorn ya nuna abin da ake samu idan aka rufe kaɗan aka bar wa jama'a saura, misalin Yamakura kuwa ya nuna abin da ke faruwa idan iska ta fi ƙarfin lissafi.

9.10 Auna Fahimta

1. Mene ne bambanci tsakanin makamashi mai ƙarewa da mai sabuntuwa? Kawo misalai bibbiyu.
2. Farantin da yake asarar kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ya yi zafi har digiri 50. Kashi nawa ya rasa na ƙarfinsa?
3. Zayyana sassa huɗu na tasha mai shawagi, ka bayyana dalilin da ya sa ɗaurin anga ya fi wuyar lissafi.
4. Yi bayanin yadda madatsar ruwa take zama rumbun ajiye wuta, tare da misalin Sirindhorn.
5. "Inuwar da take hana ruwa ƙafewa, ita ce kuma take iya shaƙe shi." Tattauna.
6. Fito da kalmomi biyar daga darasin, ka faɗi hanyar da aka bi wajen samar da kowace.

9.11 Jinga

Zaɓi madatsar ruwa ko tafki mafi kusa da garinku. Ka tattauna da masunci ɗaya da manomin rani ɗaya game da yadda suke amfani da ruwan a damina da rani. Daga nan ka rubuta insha'i na kimanin kalmomi 500, kana bayyana ko ya dace a ɗora farantan hasken rana a wurin, da sashen da ya kamata a rufe, da wanda ya kamata a bari.